Ranar da Na Kai Ƙyauren Arzika Shagari

Duk wanda ya ce maka ni na rushe rumbun Arzika, ka tambaye shi ko yana wurin. In ya ce yana wurin, ka tambaye shi me ya hana shi tarewa.

Sunana Maniru, a Bodinga aka yanke mini cibiya. Na bar boko a aji biyu na ƙaramar sakandare, ba korata aka yi ba kamar yadda mahassada ke yaɗawa. Shugaban makarantar ne ya ce in je gida in huta sai ya neme ni, yau shekara goma sha ɗaya bai samu sukuni ba. Zane kuwa a jinina yake. Rubutun nan na bayan tasha, "Ba a zuba shara a nan", da hannu yana nuni, ni na yi shi. Har yanzu ana zuba sharar, amma sai an tsaya an yaba aikin tukuna. Zakaran da ke jikin teburin mai shayi ma nawa ne, wanda jahilai ke kira ungulu.

Yayata Safinatu tana da 'ya, Bahijja, 'yar aji shida. Yarinyar ta gado ni, sai dai ba ta kai ni ba. Da gawayi take zana akuya a ƙasa har kare ya tsaya yana haushi. Makarantarsu ta zaɓe ta ta wakilce su a gasar zane ta makarantun yankin, wadda za a yi a Shagari ranar wata Alhamis. Ubanta Arzika manomin albasa ne, wanda duk abin da ba a sa shi a buhu a ɗora a mota, a wurinsa wasa ne. A gabana ya yanke hukunci.

"Ki tahi ki yi. In kin dawo da wani abu, to. In kin dawo hannu biyu, fensiri ya ƙare gidanga. Kullum anka taso makaranta, sai zaɓen albasa."

Bahijja ta sunkuyar da kai. Ta san ubanta, in ya faɗi magana ko jakinsa ba ya musu.

Malamarsu, Malama Ummukulthum, ta aiko da takarda: farin kwali mai kauri, fensir masu launi, fentin ruwa, burushi ƙarami da babba. Safinatu ta miƙo mini ta ce in shiga Sakkwato in sayo. Na karanta, na yi dariya har na riƙe ciki.

"Kwali? Yaya, kwali hwa! Abin da aka zuba taliya ciki? Kowane ɗa da kwali zai zo. Mu abin da ba a taɓa gani ba za mu kai."

"Maniru, abin da anka rubuta shi za ka sawo."

"Kakanninmu da sunka yi ma ɗakuna ado, Sakkwato sunka tahi sayen burushi? Komi muna da shi gida, ko sisi ba a kashewa."

Da jin "ko sisi", Arzika da ke alwala ya ɗago kai. "Bari yaro shi yi magana, Safinatu. Yau dai na ji hankali bakinai."

Wannan ce rana ta farko kuma ta ƙarshe da Arzika ya yabe ni.

Na zagaya gidan ina ƙwanƙwasa abubuwa da ɗan yatsa kamar mai sayen kankana, har na tsaya a gaban rumbun gero. Jikinsa sumul, ga faɗi, ga kyan gani. Na shafe gefe guda da farar ƙasa, na miƙa wa Bahijja gawayi da jar ƙasa da shuɗin bula.

"Kawu, malama ta ce ga kwali..."

"Malama ta taɓa rubuta ma tasha sanarwa? Zana."

Kwana uku tana aiki. Ta zana gonar albasa, da mai ban ruwa, da raƙumi yana wucewa a baya. Wallahi ya yi kyau, har na fara gaya wa mutane ni na riƙe mata hannu. Makwabta suka yi ta shigowa kallo. Ana cikin haka Inna Hajara, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta dogaro sandarta ta shigo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Ɗan nan, na ji an ce Shagari za a yi abin."

"Awo, Inna."

"To mutanen Shagari za su zo nan, ko rumbun za ya tahi can?"

Kowa ya juyo yana kallona. Ni kuwa ban ko ƙifta ido ba.

"Inna, wanga shi na bambancin mai ilimi da wanda bai da shi. Yanke wurin za mu yi, kamar yadda aka yanka alkaki."

Na aro zarto da kurfi. Gefen dama ya yanku lafiya, na hagu ma haka. Ina cikin yanka ƙasan, na ji rumbun ya yi wani nishi irin na tsohon da zai miƙe. Na ce wa jama'a kada kowa ya tsorata, ƙasa ce ke sakin jiki. Ban rufe baki ba raƙumin Bahijja ya faɗo mini a ƙirji, geron shekara guda ya biyo shi, hular rumbun ta sauko ta zauna mini a ka daidai kamar an auna. Na nutse har wuya. Kajin unguwa kuwa kamar an yi musu shela. Wani zakara ya hau kafaɗata yana tsattsagar gero a cikin kunnena.

"Ku kore su! Ku jawo ni!"

Inna Hajara ta ce, "Ku bar shi, ƙasa ta ka sakin jiki."

Kowa na dariya ban da Bahijja. Ita tsayawa ta yi tana kallona, ta karkata kai gefe guda, ba ta ko ƙiftawa. Na ce a raina, yarinya ta ga jarumtaka.

Abin da Arzika ya faɗa da ya dawo gona ba zai rubutu ba. Taƙaitawarsa dai, in ya sake ganin ƙafata a gidansa zai dasa ni a fadama ya ba ni ruwa.

Na koma na yi nazari, na gano kuskuren ba nawa ba ne, na rumbun ne, da ya cika nauyi. Abin da ake buƙata shi ne mai naɗuwa. Me ya fi fatar jar akuyar Sakkwato, wadda har Turai ake nema? Na tafi wurin Tasi'u mahauci.

"Ta jiya ko ta yau?" in ji shi.

"Ta yau. Sabon aiki sai sabuwar hwata."

"Ba ka kai ta majema?"

"Majema ɓata ta za su yi. Ni ɗanya nika so, launi ya fi kama ta."

Tasi'u ya dube ni, ya dubi fatar, ya ce in ɗauka kyauta, in dai zan gaya masa yadda aka ƙare.

Tunda an hana ni gidan, a ƙofar gidanmu na kafe ta da ƙusoshi. Bahijja ta zo bayan makaranta, ta ɗaure hanci da gefen hijabi, ta sake zana gonar da raƙumin. Kafin la'asar ƙudajen Bodinga sun hallara, har da baƙi daga Sifawa. Washegari rana ta buga fatar ta takure. Raƙumi ya koma ƙadangare, mai ban ruwa ya yi doro, albasa ta zama gujiya. Masu wucewa masallaci suka canja hanya. Na ce a yayyafa mata ruwa ta saki. Na shiga ɗebo ruwan ke nan na ji ihun yara, na fito na hangi wani baƙin kare ya nufi bayan gari da gasar Shagari a bakinsa, wasu uku na rufa masa baya.

A daidai nan Malama Ummukulthum ta iso, domin labari ya kai makaranta. Ta dubi ƙusoshi huɗu da guntun fata a jikin kowanne. Ta dubi Bahijja, wadda idanunta suka cika da ƙwalla.

"Malam Maniru, saura sati guda. Takarda ka shan fentin ruwa, bango na son nashi fenti, hwata sai an jeme ta. Kowane launi da wurin zamanai. Mi ya hana a sawo kwalin?"

"Malama, da kwali da ni, wa kika ganin ya san zane?"

Ta juya mini baya. Sai ta ce wa Bahijja daga gobe ta riƙa tsayawa bayan an tashi, akwai ƙarin darasi. Na ji daɗi da ta gane yarinyar ce ke da rauni, ba ni ba.

Allah da ikonsa, ranar Litinin Arzika ya bi motar albasa zuwa kudu, ba zai dawo ba sai Alhamis. Na shiga gidan da sallama. A zaure na tsaya cak. Ƙyauren! Katako ne tsoho, mai faɗi, ya sha hannu har yana sheƙi. Ba ya rushewa, ba ya takurewa, kare ba ya iya ɗauka. Allo ne babba, Allah Ya ajiye mini shi shekara da shekaru.

Safinatu ta ce, "Maniru, ka hita gidanga tun ina ganin girman uwarmu."

"Yaya, aro za mu yi. Ƙyauren ya tahi da sahe, ya dawo da marece, Arzika ko sani ba ya yi. Ko kin fi son ɗiyarki ta tsufa cikin albasa?"

Nan ta matsa ta ba ni hanya. Ni na san inda ake taɓa mutum.

Saura launi. Baƙi dai tawada ce, na je wurin Malam Zainulabidin mai makarantar allo ya cika mini kwalba.

"Mi za ka yi da ita haka da yawa?"

"Zane, Allah gafarta malam. Ina son abin da ba ya gogewa."

"To ai tawada don a wanke ta anka yi ta. Kullum yara na wanke allo gabanka."

"Wagga ba ta wankuwa, akwai sirrin da zan sa mata."

Ja na samu daga soborodo, kore daga garin kuka, rawaya daga gangamau. Sirrin kuwa biyu ne. Na farko, na sha ganin mata suna zuba gishiri a ruwa in za su wanke sabuwar atamfa don kada ta zuba, saboda haka kowane launi na ba shi gishiri dunƙule biyu. Na biyu, na narka mazarƙwaila na zuba, don aikin ya yi ƙyalli ya kuma manne. Burushi kuwa, na tauna asuwaki uku.

Bahijja ta ɗanɗana koren da ɗan yatsa. "Kawu, wagga ai miya ta."

"Zana, ke dai."

Ta zana, karo na uku, bayan ta dawo daga ƙarin darasinta. Na lura 'yan yatsunta duk launi-launi tun kafin ta taɓa nawa, kuma tana yawan cewa, "Kawu, ɗan juya haka. Ɗan buɗe baki kamar kana ihu." Ina juyawa, ina buɗewa. Yaro in ya samu abin koyi, ba a hana shi kallo.

Ranar Alhamis da hantsi Malama ta wuce da Bahijja a motar haya. Ni na ciro ƙyauren, na lulluɓe shi da zanen Safinatu, na tare wata a-kori-kura mai zuwa Shagari. Wuri ɗaya ya rage a gaba, sai aka ba ni shi, ƙyauren kuma aka jingine shi a baya tare da awaki bakwai na wani Bafulatani.

"Ba su taɓa shi?" na tambaya.

Direba ya ce, "Akuya na cin katako?"

Tun kafin mu fita gari ƙudan zuma suka gano mu. Uku suka shigo gaba suka zaɓe ni, domin hannuna da rigata duk mazarƙwaila. Ɗaya ya sauka a leɓena na sama. Kafin mu yi rabin hanya bakina ya yi kamar na raƙumin da muka zana. Sai hadari ya taso, aka yi yayyafi na minti biyar, irin wanda ko ƙura bai kashe ba. Ina jin wani sauti daga baya, laƙwam, laƙwam, na ce wa direba tayarsa na neman iska. Bafulatanin ya leƙa, ya ce bai taɓa ganin awakinsa sun natsu a mota irin na yau ba.

A Shagari an kafa rumfa a filin wata makaranta. Yara sun jera kwalayensu a kan tebura, abin tausayi, duk iri ɗaya. Ga manyan baƙi, ga iyaye, ga alƙalin gasa, wani dattijo mai tabarau. Na sa ƙarti biyu suka shigo da ƙyauren a lulluɓe. Fili ya ɗauki surutu. Da aka kira makarantar su Bahijja, Malama ta yunƙura za ta miƙe, na riga ta. Na karɓe abin magana daga hannun mai sanarwa.

"Ranka shi daɗe, jama'a, ku gafarce ni, leɓena ya ɗan yi nauyi. Kun ga kwali, kun ga kwali, kun ƙara ganin kwali. Yanzu za ku ga aikin da ba a sawo ko tsinke nai kanti ba. Ruwa ba ya wanke shi, rana ba ta cin shi. Jikokinku za su ishe shi yadda yake!"

Na fizge zanen lulluɓin.

Ƙyaure ne. Ƙyaure tsaf, wanda bai taɓa yin tsabta irin ta ranar ba. Gona ta tafi, mai ban ruwa ya tafi. Can sama, inda harshe bai kai ba, kan raƙumi ya rage, tawada ta zubo masa daga ido kamar mai kuka. A ƙasa kuma ga sawun harsuna, layi-layi, da gashin akuya manne.

Alƙali ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Malam, mi muka kallo?"

Wani ya ce daga baya, "Ƙohwa!"

"Ranka shi daɗe, sabon salo na. Sunan aikin, Raƙumi Cikin Hazo."

"To ina hazon?"

"Shi na ya ruhe sauran."

Wataƙila da na sha, don na ga wani mai babbar riga ya fara gyaɗa kai. Sai ga awakin nan bakwai, waɗanda Bafulatani ke saukewa a bakin fili, sun tsinke igiya. Suka ratsa tsakanin kujerun manyan baƙi a guje, gemunsu ja da kore da rawaya, suka yi wa ƙyauren layi. Babbar cikinsu ta miƙe a kan ƙafafun baya ta share kan raƙumin da lasa ɗaya. Ta juyo ta kama gefen rigata.

Ina kokawa da ita na ji ƙarar babur. Arzika ne, ko rigar tafiya bai cire ba. Ya dawo ya tarar da zaurensa a hangame, tumakin unguwa suna walima a kan irin albasar da ya shanya.

"Ina ɓarawon ƙyaure? Maniru! Yau sai na dasa ka!"

Na zagaya ƙyauren, ya biyo ni, akuya ta biyo shi. Zagaye uku muka yi, jama'a na tafi kamar an shirya. Da ya gaji ya tsaya yana haki, ya nuna Bahijja da yatsa.

"Ke kuma kin gani. Tashi mu tahi. Zane ya ƙare."

Bahijja ba ta tashi ba. Malama Ummukulthum ce ta miƙe, ta zaro wani farin kwali daga cikin jakarta, ta ɗora a tebur gaban alƙali.

"Ranka shi daɗe, wancan na kawunta na. Ga na makarantarmu."

Alƙali ya duba. Ya ɗago ya dube ni. Ya sake dubawa. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya ɗaga kwalin sama don kowa ya gani.

Ni ne. Ni ne a nutse cikin gero har wuya, hular rumbu a kaina, baki a wangame, zakara a kafaɗa ya zura baki a kunnena. Ga Inna Hajara a gefe da sandarta. Ko ɗan tabon da ke goshina ba ta manta ba. Da fensir masu launi ta yi shi, da ɗan fentin ruwa a sararin sama, irin kayan da Malama ta rubuta tun farko.

Filin ya kece. Mutane na duban kwali, suna dubana, suna faɗuwa kan juna. Wata mata ta ce leɓen ne kawai yarinyar ta rage. Arzika ya matso fuska a murtuke, ya karɓi kwalin, ya daɗe yana kallo. Gemunsa ya fara motsi. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya zauna a ƙasa yana dukan cinya yana share hawaye.

"Zakaran! Ku dibi zakaran! Wallahi haka nig gane shi cikin raina!"

Bahijja ta zo ta ɗaya. Aka ba ta akwatin launuka da takardar yabo, aka ce za a rataye zanen a ofishin ilimi. A hanyar dawowa Arzika ya ɗauke ta a babur, ya ce gobe da kansa zai shiga Sakkwato ya sayo mata kwali goma, da sharaɗin ta zana masa ni da akuya, zai kafa a zaure. Ni kuma ya ce in dawo masa da ƙyaurensa yadda na ga dama, ban da mota.

Mahassada suna cewa kwali ne ya yi nasara. Ni dai tambaya ɗaya nake yi musu: yara nawa suka zo da kwali ranar? Arba'in da wani abu. Nawa ne suka zo da fuskata? To ashe ba a kwali abin yake ba.

Ƙyauren kuwa na mayar da shi, na kuma gina rabin rumbu kafin Arzika ya ce in bari haka nan don Allah. Gishirin ya shige katakon, har yau bai fita ba. In ka bi ta ƙofar gidan da hantsi za ka ga awakin unguwa sun yi layi, kowace na jiran ta samu wuri, Arzika na korarsu da sanda suna dawowa. Zanen Bahijja yana ofis, sai mai takalmi ke ganinsa. Nawa kuwa, wata takwas ke nan, ko rana ɗaya bai rasa masu zuwa ba.